Allura Tana Nan, Zaren ne Ya Ɓace

Akwai wani zane a ƙasar Kamaru da sai ya yi tafiyar da ta fi ta ɗan fatake kafin wani ya ɗaura shi. A ƙauyukan da ke kewaye da Garwa ake noma audugarsa, a can mata ke kaɗe ta, maza su saƙa ta sawu-sawu, kowane sawu faɗinsa bai wuce yatsu uku ba. Daga nan a naɗe, a ɗora a mota, a yi kudu da shi zuwa ƙasar Bamileke, wajajen Banjun. A can ake haɗa sawayen, a yi musu zane, mata su bi zanen da zaren tukurwa su ɗinke shi tamau yadda rini ba zai ratsa ba. Sai kuma a sake ɗauko shi a dawo da shi arewa, Garwa, domin a tsoma shi a baba. In ya sha rini ya bushe, a mayar da shi kudu, a farke ɗinkin, farin zane ya bayyana a kan shuɗi. Sunansa ndop, tufar sarakuna da manyan bukukuwa a yammacin Kamaru. Wasu Turawan Ingila, Venice Lamb da mijinta Alastair, sun bi sawun wannan hanya sun rubuta ta a littafin da suka fitar a 1981 kan saƙar Kamaru.

Mutanen Banjun ba ragwaye ba ne, kuma ba su rasa ruwa ko toka ba. Abin da ya sa suke jure wannan zirga-zirga ta ɗaruruwan kilomita, zuwa da dawowa, shi ne hannun marinan Garwa. Ko Sarki Njoya na Fumban, da ya so a riƙa yi masa irin wannan zane a gida a farkon ƙarni na 20, sai da ya sa aka haƙa masa ramukan rini a kusa da fada.

Na kawo wannan ne saboda wata magana da ke ƙara yawa a bakin matasanmu masu sha'awar sana'ar hannu, wato a farfaɗo da ɗinkin dā, irin na babbar riga da wando da kayan doki, a koye shi kamar yadda kakanni suka yi shi. Niyya ce mai kyau, ina kuma tare da ita. Amma ina ganin an kama abin ta wutsiya. Kowa hankalinsa na kan allura: yaya ake sarƙa, yaya ake cike aska, yaya ake zagaye tambari. Ni kuwa a ganina allura ba ta taɓa ɓacewa ba. Ka zaga unguwannin Garwa ko Marwa ko Gaundare, ko Zariya da Kano, za ka iske samari a gindin bishiya da hula a gwiwa suna soka allura suna hira, da 'yan mata a tsakar gida suna ɗinkin hula na kuɗin kayan ɗaki. Hannun da ya iya ɗinka kube mai kyau ba zai gagara koyon aska takwas ba. Abin da ya ɓace shi ne zaren, da mutanen da suka san yadda ake ba shi launi. Duk mai son koyon ɗinkin dā da gaske, daga marina ya kamata ya fara.

Bari mu fara gyara wata fahimta game da ulu. A Turai, in an ce tsohon ɗinki, ulu ake nufi. Mafi shahara shi ne dogon ƙyallen nan na garin Baye da ke Faransa, wanda aka ɗinka a ƙarni na 11, tsawonsa ya kusa mita 70, yana ba da labarin yadda Sarki Wiliyam ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Da zaren ulu aka yi shi, wanda aka rina da tsirran ƙasarsu. A Ingila akwai makarantar ɗinki ta sarauta tun 1872, har yau ana zuwa koyon irin wannan aiki a cikinta. Matasanmu suna ganin hotunan a waya, sai su ɗauka mu ma haka namu ya kasance.

Namu ba haka yake ba. Tumakinmu, daga uda zuwa balami zuwa 'yankasa, gashi gare su, ba a kaɗa shi. A duk Afirka ta Yamma, inda aka fi sanin tumaki masu ulu shi ne Masina ta ƙasar Mali, inda Fulani ke saƙa barguna da shi. Zaren maɗinkin ƙasar Hausa da Adamawa auduga ce da aka kaɗa da mazari, sai tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa da ruwan toka a kaɗa, sai kuma alharini mai ja-ja da ayari ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Ulu baƙo ne, ya shigo ta hannun fatake, daga baya ta kantunan Turawa. Amma baƙon da ya samu masauki. Manyan wandunan nan masu faɗin hantsa da mahaya ke sawa ranar hawa, waɗanda ƙafafunsu ke cike da ja da kore da rawaya, da yawansu da ulun kanti aka yi musu aiki. A kudu ma, rigar toghu ta mutanen Bamenda, baƙin karan-miski da ɗinki mai launi-launi, wadda 'yan wasan Kamaru suka sa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, da irin wannan zare mai kauri ake ƙawata ta. Saboda haka ba na cikin masu cewa a kori ulu don ba namu ba ne. Abin da ya shekara fiye da ɗari a hannun maɗinkanmu ya zama ɗan gari.

Sai dai wanda ake sayarwa yau a kasuwa da sunan ulu, mafi yawansa bai taɓa ganin bayan tunkiya ba. Zaren roba ne daga masana'anta. Ka kusanta shi da wuta ka gani, narkewa zai yi ya dunƙule, alhali ulun gaske ƙaurin gashi yake yi ya zama toka. Wannan zaren roba kuwa ko kwana nawa ya yi a ramin baba ba zai kama yadda ake so ba. To ka ga tun daga nan mai son koyo ya ci karo da bango: ba shi da zaren da zai rina.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen tufafin Kano yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma cika kasuwannin Adamawa. A cikin shekarar ya ƙetare Binuwai ya isa Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa shekara goma kafin nan. A wancan zamani sawun saƙi shi ne kuɗi a wannan yanki, Fulani na kiransa leppi, da shi ake saye da sayarwa. Shekara biyar bayan zuwan Barth, a 1856, wani saurayi ɗan Ingila mai suna William Perkin ya haɗa launin farko na sinadari. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. A 1901 sojojin Jamus suka kama Garwa. Kogin Binuwai, da a dā yake kawo jiragen ruwa daga bakin teku a lokacin damina, wanda ya mai da Garwa tashar jiragen ruwa a tsakiyar ƙasa, shi ne ya riƙa sauke galura da yadi da zaren kanti a bakin gari. Marina ba su mutu nan take ba, tunda ga shi har shekarun 1970 ana kawo musu ndop daga kudu. A hankali abin ya ci su, rami ɗaya bayan ɗaya.

Abin takaicin shi ne auduga ba ta bar Garwa ba. Hedkwatar Sodecoton, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, a Garwa take, kuma a shekarun baya-bayan nan abin da manoman arewacin Kamaru ke nomawa yakan haura tan dubu 300 a shekara. Kamfanin Cicam, wanda aka kafa a 1965, a Garwa ya gina masaƙarsa. Amma mafi yawan audugar a ɗaure take fita zuwa tashar jiragen ruwa, ta tafi Asiya. Maɗinkin da ke zaune a inuwar motocin da ke ɗauke da ita, zarensa daga Sin yake zuwa.

Yanzu me ake nufi da a fara daga marina? Ana nufin ɗalibi ya san cewa kowane launi yana da halinsa. Baba ba a dafa shi. Ganyen ake dakawa a cura a shanya, sannan a zuba a rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, da ruwa da toka da katsi, wato dattin tsohon rami da aka ƙona. A bar shi kwanaki yana tsima, ana motsa shi da muciya safe da yamma, har kumfa mai ƙyalli ta taso. Marini yakan gane ramin ya nuna daga warinsa da launin kumfarsa, wani har ɗanɗanawa yake. In aka tsoma zare aka fito da shi, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Duhunsa kuwa ba daga daɗewa a ciki yake ba, daga yawan tsomawa da shanyawa ne. Babu littafin da zai koya maka warin ramin da ya nuna. Sai ka tsaya kusa da wanda ya sani, shekara da shekaru.

Ja daga karan dafi yake, irin dawar nan da ba don hatsinta ake shuka ta ba sai don jan kubenta, wadda dukawa suka daɗe suna jiƙawa da kanwa suna rina fatar akuya. Rawaya daga saiwar tsiron da ake kira rawaya, ko ganyen marke, ko gangamau, ko da yake gangamau ba ya jure rana, kuma duk wanda ya ce maka yana jurewa yaudararka yake. Baƙi daga bagaruwa ne in ta haɗu da ruwan tsatsar ƙarfe, abin da majema a Marwa suka sani tun kaka da kakanni. Kore kuwa sai an yi rini biyu, a fara da baba a bi da rawaya.

A nan ne ma ulu yake da ranarsa. Ulu da tsamiya, da yake daga jikin dabba suke, sun fi auduga saurin karɓar launin itace. Ɗan alif kaɗan, irin wanda ake tace ruwa da shi, ya isa ya sa rawaya ta zauna a jikin ulu. Auduga kuwa taurin kai gare ta, sai an fara jiƙa ta a ruwan bagaruwa, a bi da alif, sannan ta yarda. Amma ulu yana da nasa sharaɗin. Ba ya son ruwa mai kaifin toka ko kanwa da yawa, ba ya son a fitar da shi daga tafasasshen ruwa a jefa a na sanyi, ba ya son a murza shi, in ba haka ba ya cure ya ƙanƙance. Soda mai ƙuna da masu rinin shadda na yau ke zubawa a baho, wadda take sa su sanya safar roba har gwiwar hannu, cinye ulu take yi. Tsohon rami mai tsimuwa a hankali ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Wato wanda ya iya rinin zamani bai iya wannan ba tukuna, ko da shekara ashirin ya yi yana rina shadda.

Na san abin da za a ce, domin maɗinka da kansu suna faɗa. Za a ce rinin itace yana zuba, yana koɗewa, ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, ga cin lokaci, ga tsada. Wasu daga cikin waɗannan gaskiya ne. Ba ya fitowa iri ɗaya, shi ya sa mai hankali ke rina zaren riga guda a tukunya guda. Yana cin lokaci, babu musu. Amma batun koɗewa a yi hattara. A wancan ƙyalle na Faransa, ainihin ulun da aka rina da tsirrai kusan shekara dubu da suka wuce ya riƙe launinsa fiye da facin da aka yi masa a ƙarni na 19 da zaren zamanin. Rinin da aka yi da ilimi yana daɗewa, wanda aka yi da gaggawa yana zuba, na itace ne ko na kanti.

Kuma ba na son mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Wandunan hawa da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai, ba duka ne aka rina ulunsu da ganye ba. Wanda aka ɗinka bayan galura ta cika duniya, da wuya a ce ba ta taɓa shi ba, kuma kakanninmu da suka ga jan kanti mai ɗaukar ido ba su yi masa kallon haram ba, saye suka yi suna murna. Don haka ba cewa nake galura zunubi ce ba. Mai ɗinkin hular kasuwa ya ci gaba da zarensa, iyali yake ciyarwa. Abin da nake cewa shi ne akwai wani mataki na wannan sana'a, na ƙoli, wanda ba ya samuwa sai da zaren hannu da rinin rami, kuma al'ummar da ta bar wannan mataki ya mutu ta rage wa kanta daraja a kasuwar da ita ce ta kafa ta. Ka ɗora tsohuwar rigar saƙi mai aikin tsamiya kusa da shadda mai aikin kwamfuta. Ta biyun ta fi ƙyalli. Ta farkon ce za ka kasa ɗauke ido daga kanta.

Yadda ake koyarwar ma abin dubawa ne. A tsarin dā riga ɗaya hannu da yawa take bi. Mai kaɗi daban, masaƙi daban, marini daban, mabugi daban. Mai zana aska da tambari a jikin riga sau da yawa malami ne ko almajirin da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, sannan maɗinki ya bi zanen wata da watanni. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru a 1970 da wani abu yana tattara waɗannan zane-zane da sunayensu daga bakin masu yin su. Yaro yakan shiga wannan layi ne ta zama, yana warware zare, yana kallo, ana ba shi gefen da ba a gani ya gwada. Abin da ya zama yayi yanzu shi ne taron bita: a kama ɗaki a otal, a tara matasa na kwana uku, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto. Ramin baba ma bai gama tsima a kwana uku ba. Kuɗin da ake kashewa a irin wannan taro ɗaya zai iya riƙe tsohon marini da yara biyu a gabansa na tsawon lokaci, amma wannan ba ya ba da hoton da za a sa a rahoto.

Garwa ta samu jami'arta a 2022. Ina fata masu koyar da fasaha da kimiyyar haɗa sinadarai a can za su ɗauki wannan a matsayin aikinsu, ba don su maye gurbin marina ba, sai don su zauna a gabansu da littafi: nawa ne ma'aunin toka, wane irin itace ne tokarsa ta fi, me ke kashe rami, wace saiwa ce ke jure wanki. A kuma dubi iyaka da idon dā. Tsakanin Garwa da Yola ba wata tafiya ba ce, kuma ramukan Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ake danganta kafuwarsu da 1498, har yau ana aiki a wasunsu. A Zariya akwai ƙungiyar mata maɗinka mai sunan Sarauniya Amina, tun 1994 suke aikin hannu suna sayarwa. Dubban 'yan Najeriya sun san hanyar Garwa a farkon 2022, lokacin da Super Eagles suka buga wasanninsu na kofin Afirka a filin Rumde Ajiya. Hanyar da ta ɗauki 'yan kallo ba za ta gaza ɗaukar almajiran sana'a ba.

Saura babbar magana, wa zai saya. A nan nake rabuwa da masu sa rai ga 'yan yawon buɗe ido. Masu sana'ar hannu na Marwa sun ɗanɗana wannan. Tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, baƙi suka ɗauke ƙafa daga arewa mai nisa, masu jiran Bature ya zo ya sayi jaka da takalmi suka koma kallon hanya. Sana'ar da ta dogara ga baƙo, ranar da baƙo ya ji tsoro ta mutu. Riga mai aska ba don baƙo aka ƙirƙire ta ba. Sarakuna ne ke sawa, su ne kuma ke tuɓewa su ba wanda suka so girmamawa, har Sakkwato akan aika da ita. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, shugaban Kamaru na farko, ya zaga duniya da babbar riga da hula, ba wanda ya raina shi don haka.

Masu sayen suna nan, kuɗin ma yana nan. Attajirin da ke biyan kuɗin shaddar Getzner daga Ostiriya ba tare da ya nemi ragi ba, shi ne zai tsaya yana ciniki da tsohon da ya yi wata huɗu a kan wuyan riga, har ya ce masa ai na inji ya fi arha. Mu ne muka ce araha ba ta ado, mu ne kuma muke nemanta a wurin da bai kamata ba. Da Lamidon Garwa da na Rai Buba da na Gaundare da na Marwa za su sa a al'adar fada cewa rigar naɗin sarauta, ko da ita kaɗai, sai ta saƙin hannu da rinin rami da zaren da aka kaɗa a ƙasarsu, da an ga canji cikin 'yan shekaru. Kowane naɗi zai zama aikin mai kaɗi da masaƙi da marini da maɗinki. Gwamnatin Kamaru ta sanya ndop cikin jerin kayan gadon ƙasa a 2020, abin a yaba, amma yadin kanti da aka buga wa zanen ndop ya cika kasuwannin Duwala da Yawunde, kuma takardar gwamnati ba ta tsoma zare a rami. Odar riga ashirin a shekara daga fada ɗaya, da kuɗin kafin alƙalami a hannu tun kafin a cire auduga, ita ce za ta sa marini ya yashe ramin ubansa ya kira ɗansa daga tashar babura.